Koyon Zanen Wasannin Bidiyo da Zane Mai Motsi Tare da Fitar da Labarin Zane na Kanka: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗalibai da yawa masu koyon zanen wasannin bidiyo da zane mai motsi suna da wani labarin zane, irin wanda ake bayarwa da hotuna a jere cikin akwatuna, da suka ɓoye a bayan littafin zanensu, wanda suke burin fitarwa wata rana da sunansu, babu kamfani babu mawallafi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi fitowa daga bakinsu. Amsoshin sun shafi wanda yake makaranta da wanda yake koyo da kansa.

Zanen wasa, zane mai motsi da labarin zane, ba duk abu ɗaya ba ne?

Tushensu ɗaya ne: sanin ƙirar jikin mutum, haske da inuwa, nisa da kusa, launi, da iya jan idon mai kallo zuwa inda kake so. Inda suka rabu shi ne wa yake riƙe da lokaci. A fim ɗin katun, mai zane ne. Shi ya yanke cewa wannan kallon zai ɗauki daƙiƙa biyu, mai kallo ba shi da ta cewa. A labarin zane kuwa lokaci yana hannun mai karatu. Yana iya tsayawa minti guda a kan akwati ɗaya, yana iya wuce shafi kafin ƙiftawar ido, kuma abin da ya faru tsakanin akwati da akwati shi yake cike shi a ransa. Ka zana kyanwa kusa da kofi a bakin tebur, a akwati na gaba ka zana tarwatsattsen kofi a ƙasa. Ba ka zana faɗuwar ba, amma kowa ya gan ta, har ƙarar ya ji.

A wasa, lokaci da kyamara duk suna hannun ɗan wasa. Yana iya juya wa ginin da ka sha wahalarsa baya, ya je ya manna hancinsa a jikin wani bango da ka yi cikin gaggawa. Wanda ya riƙe wannan bambancin ya fahimci yawancin abin da za a faɗa a gaba.

Taura biyu tana taunuwa kuwa? Karatu ga shi, labari ga shi.

Tana taunuwa idan ɗaya ƙarama ce, kuma kai da kanka ka san wacce ce ƙaramar. Aikin makaranta yana da wa'adi da malami mai jira. Labarinka ba wanda yake jiransa, don haka ɗaya daga cikin abu biyu ke faruwa. Ko dai a ajiye shi duk lokacin da zango ya yi zafi har ya mutu a hankali, ko kuma ya zama mafaka. Na biyun ya fi haɗari, domin kama yake da aiki. An ba ka aikin sa wa siffar kwamfuta ƙasusuwan da za a riƙa motsa ta da su, abin ya ƙi ci, gwiwa tana lanƙwasa ta baya, sai ka rufe manhajar ka koma shafi na bakwai inda kai ne sarki. Ka kwana kana zane, ka tashi da jin ka yi ƙoƙari, alhali abin da ka zo koya yana nan inda ka bar shi.

Maganin ba wani ɓoyayye ba ne. Ka zana shafi ɗaya daga farko har ƙarshe da agogo a gabanka, ka ga sa'o'i nawa ya ci. Wannan adadin shi zai gaya maka girman labarin da za ka iya ɗauka, ba kwaɗayinka ba. Ƙwararru ma shafi ɗaya yakan cinye musu yini guda. Sannan ka raba aikin gwargwadon nauyinsa: rubuta labari da tsara shafuka a ƙananan zane su ne na makonnin da karatu ya matsa, tunda ana yin su a ɗan lokaci da fensir kawai, tawada da launi a bar su sai hutu.

Me ake koya takamaimai a zanen wasannin bidiyo?

Mutane suna shiga da tunanin za su riƙa zana jarumai da dodanni daga safe zuwa dare. Wannan fannin, wato tsara kamanni, yana nan, amma shi ne mafi ƙarancin gurbi kuma mafi yawan masu nema. Yawancin aikin yana wasu wurare: gina siffofi na 3D, gina muhalli, sa ƙasusuwa, motsa siffa, yin wuta da hayaƙi da ƙura, tsara maɓallai da allon bayanai, da kuma aikin waɗanda ke tsakanin masu zane da masu rubuta manhaja, masu tabbatar da cewa abin da aka zana zai yi gudu a na'ura.

Ga hanyar da siffa ɗaya take bi. A sassaƙa ta da cikakken ado a manhaja irin ZBrush ko Blender, da miliyoyin poligon, wato ƙananan fuskokin da ake haɗawa su zama siffar 3D. Wasa ba zai iya ɗaukar wannan nauyin ba, sai a sake gina ta da poligon kaɗan, a tsara layukan yadda gwiwa da kafaɗa za su lanƙwasa ba tare da sun murɗe ba. A feɗe fatarta a shimfiɗa a fili domin a yi mata fenti. A kwashe ƙananan adon babbar siffar, su tamoji da ɗinki da tsaga, a gasa su cikin hoto wanda zai yaudari haske ya nuna kamar suna nan. Hotunan fentin kan zo da girma irin 1024 ko 2048, ninkin biyu-biyu, domin haka katin hoto, ɓangaren kwamfuta mai zana abin da ke allo, ya fi jin daɗin sarrafa su. Sai ƙasusuwa, sai motsi, sai a kai ta cikin injin wasa, wato manhajar da ake haɗa wasan a cikinta, kamar Unity, Unreal ko Godot. A nan ne ake sanin gaskiya. Abin da ya yi kyau a Blender amma ya lalace a injin, ba a gama shi ba.

Sai na iya zane da hannu kafin in shiga?

Ga mai gina muhalli ko mai sa ƙasusuwa, ba dole ba ne hannunsa ya ƙware, ido ne ake buƙata. Amma kai da kake son labarin zane ba ka da wannan uzurin. Zana mutane na gaske, cikin sauri, minti ɗaya ko biyu kowane tsayi, shi ne atisayen da yake ciyar da fannonin uku lokaci guda.

Mene ne bambancin motsin fim da motsin wasa?

Fim yana tafiya da firem 24, wato hotuna 24 a jere, a daƙiƙa, kuma masu zanen hannu sukan riƙe kowane zane firem biyu, zane 12 ke nan a daƙiƙa. Wasa yana tafiya da firem 30 ko 60. A kan 60, na'ura tana da ƙasa da ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa ta zana duk abin da ke allon. Amma babban bambancin ba a lissafi yake ba.

Ɗauki tsalle. A fim, yaro zai durƙusa, ya ja hannuwansa baya, ya ɗan dakata, sannan ya tashi sama. Wannan durƙuson shi ne shirin motsi, ɗaya daga cikin ƙa'idoji 12 da Frank Thomas da Ollie Johnston na kamfanin Disney suka tattara a littafinsu na 1981. Yana iya ɗaukar firem 12, rabin daƙiƙa. Yanzu kai wannan tsallen cikin wasa. Ɗan wasa ya hango rami, ya danna maɓalli, yaro ya tsaya durƙuso, kafin ya tashi ya riga ya afka. Ɗan wasan ba zai yaba kyan motsin ba, cewa zai yi maɓallin ya lalace. Saboda haka mai motsin wasa yake matse shirin zuwa firem ɗaya ko biyu, ya kwashe nauyin ya kai wurin sauka: gwiwoyi su lanƙwashe, ƙura ta tashi, riga ta biyo baya a makare, kyamara ta ɗan girgiza. Ido ya ga nauyi, yatsa kuma bai jira ba.

Bayan wannan akwai wasu sharuɗɗa. Tafiya da gudu da tsayuwa duk zagaye suke yi, firem na ƙarshe dole ya haɗu da na farko ba tare da tsalle ba. Kowane motsi ana iya katse shi a tsakiya, tunda ɗan wasa yana iya fasa gudu ya kai duka. Saurin ƙafa sai ya dace da saurin da injin ke tura siffar, in ba haka ba ta riƙa sulɓi kamar a kan santsi. Sannan babu dabarar ɓoye hannu a bayan jiki don kyamara ba ta gani, domin kyamarar ba taka ba ce.

To me labarin zane yake ƙara wa karatun, me kuma karatun yake ƙara masa?

Abu mafi girma da labarin yake ba ka shi ne gamawa. A makaranta, da kuma a kamfani daga baya, yanki kake yi: kai kujera, wani bango, wani haske. A labarinka kai ne marubuci, mai tsara kamanni, mai riƙe kyamara, mai gyara. Duk shawarar da ka yanke kai za ka zauna da ita. Ka tsara jaruma da riga mai maɓallai goma sha biyu da sarƙa uku, ta yi kyau a zane ɗaya. Zuwa akwati na arba'in za ka tsani kowane maɓalli, ka fara rage su a ɓoye. Wannan darasin shi ne ainihin wanda ake koyarwa a ajin tsara siffofin wasa, cewa a gane siffa daga inuwarta kaɗai, daga nesa, a ƙaramin allo. Labarin zane yana koyar da shi ta hanyar gajiyar hannu, kuma wanda ya koya haka ba ya mantawa.

Daga ɓangaren karatun, manyan tsayuwa na zane mai motsi suna gyara akwatunanka, tunda kowane akwati tsayuwa ɗaya ce da aka zaɓa daga cikin motsi. Dokar kyamara ta digiri 180 ma tana aiki a shafi: wanda yake hagu a hira ya zauna a hagu, in ba haka ba mai karatu ya rikice.

Akwai kuma ɗabi'ar da ba a so ta tsallako. Ɗalibin zane mai motsi yakan zana mutum ya miƙe, ya taka, ya kama ƙofa, ya buɗe, ya fita, akwati biyar a kan abin da biyu suka isa. Ya saba shi ke cike tsakani. A shafi, wannan aikin mai karatu ne, kuma yana jin daɗin yin sa.

Labarina na farko, shafi nawa ya kamata ya zama?

Takwas. In ka matsa, goma sha biyu.

Na san labarin da ke ranka ya fi haka: dauloli uku, taswira, tarihin shekara dubu. Yi lissafi. Shafi 200 a kan shafi ɗaya kowane mako kusan shekara huɗu ne, idan ba ka taɓa rashin lafiya ko jarrabawa ba. A cikin shekara huɗun nan hannunka zai canza har ka kasa kallon babin farko, ka koma ka sake shi, kuma a wannan komawar ce yawancin manyan labarai suke mutuwa. Shafi takwas mai farko da tsakiya da ƙarshe zai koya maka abin da babin farko na dogon labari ba zai koya ba, wato yadda ake rufe labari. Ka ciro ƙaramin abu daga cikin babbar duniyar taka, dare ɗaya a rayuwar mai gadin ƙofa misali, ka gama shi. A 1990 Scott McCloud ya fito da ƙalubalen zana shafi 24 cikin sa'a 24. Ba kyan zane ake nema da shi ba, ana so ne mutum ya ga da idonsa cewa yana iya kai labari ƙarshe.

Ta ina ake fara shafi?

Daga ƙananan zane, kowane shafi bai wuce girman tafin hannu ba, mutane kamar sanduna. A nan ake yanke yawan akwatuna, inda ido zai bi, da abin da zai zo a ƙarshen shafi. Idan labarin bai karantu a wannan matakin ba, tawada da launi ba za su cece shi ba. Ka ba wani ya karanta ba tare da ka yi masa bayani ba, ka kalli fuskarsa, inda ya tsaya ya koma baya nan matsalar take.

Sa rubutu kafin ka zana. Sababbi sukan cika akwati da zane mai kyau, sannan su nemi inda za su cusa magana, ta ƙare a kan fuskar wani. Kumfar magana wani ɓangare ne na tsarin shafi, ita ke jan ido daga akwati zuwa akwati. Wanda ya fara magana a tsayar da shi ta gefen da ake fara karatu. Idan magana ta haura kalma ashirin da biyar a kumfa ɗaya, raba ta ko ka rage. Mai rubutu da Hausa kuma ya gwada salon haruffan da ya zaɓa tun da wuri, domin da yawa daga cikin waɗanda aka yi don labarin zane ba su da ɓ, ɗ da ƙ, wasu kuma lasisinsu bai yarda a yi kasuwanci da su ba.

Idan littafi za a buga, ka tuna mai karatu yana ganin shafi biyu a buɗe lokaci guda. Abin mamaki sai a ajiye shi bayan juya shafi. Idan ka sa fuskar maci amana a shafin da ke buɗe a gefe, an gan ta tun kafin a karanta tambayar.

Yin amfani da 3D wajen zana bango da gine-gine ha'inci ne?

A'a. Ƙwararru suna yi, musamman masu fitar da babi kowane mako. Kai da kake koyon 3D ma riba biyu ce: ɗakin da ka gina sau ɗaya za ka juya shi ta kowace kusurwa har labarin ya ƙare. Sharaɗi dai ka bi ta kansa da hannunka, layin bangon ya yi kama da layin mutanen. In ka manna shi yadda ya fito daga na'ura, mutanenka za su yi kamar baƙi a cikin ɗakinsu. Idan kuma siffar wani ka sauko da ita, duba lasisinta.

Wace manhaja zan koya?

Wadda makarantarku take koyarwa, da farko. Kamfanoni da yawa suna aiki da Maya wajen motsi, da Substance Painter wajen fenti. Blender kyauta ce, buɗaɗɗiya tun 2002, tana yin kusan komai na 3D, kuma tana da Grease Pencil na zanen hannu mai motsi. Krita ma kyauta ce, ta isa zane da launi da ɗan motsi. Clip Studio Paint an gina ta ne musamman don labarin zane, da kayan yanka akwatuna da kumfar magana da ma'aunin nisa da kusa. Mai son zanen fiksel ya duba Aseprite. Ɗaya ta 3D, ɗaya ta zane, injin wasa ɗaya, sun ishe ka shekara biyu. Yawon sauya manhaja wata hanya ce ta guje wa zane.

A ina zan fitar da shi, a takarda ko a intanet?

Yanke wannan kafin ka zana shafin farko, domin tsarin ba ɗaya ba ne. Webtoon, wanda kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya fara a 2004, da Tapas, ana karanta su ne a waya ana jan allo sama. Faɗin hoton a sashen Canvas na Webtoon fiksel 800 ne. A can babu juya shafi. Tazarar fili tsakanin akwati da akwati ita ce take riƙe numfashin mai karatu. Mayar da irin wannan labarin littafi daga baya aiki ne sabo. Shi ya sa wasu suke zana shafin littafi da girma, sannan su yanka akwatunan su jera su a tsaye. A itch.io kuwa ana iya ajiye labari a matsayin PDF kusa da ƙananan wasanninka, abin da ya dace da ɗalibin wannan fannin.

Na takarda yana da ƙa'idojinsa. A zana da aƙalla ɗigo 300 a inci, baƙi da fari zalla kuwa 600 ya fi. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yankan wuƙa, a janye rubutu daga bakin takarda. Allo yana haɗa launi da haske, injin bugu da tawada huɗu, don haka shuɗi da kore masu ƙyalli sukan dushe a takarda. A nemi gwajin bugu kafin a buga da yawa. Littafin da ake ɗinkewa da ƙusa a tsakiya sai yawan shafukansa ya rabu da huɗu. Fara da baƙi da fari ba abin kunya ba ne, ya fi sauri kuma ya fi fallasa inda zanen yake da rauni.

Ana samun kuɗi da shi?

Wasu suna samu, yawanci bayan shekaru, ta Patreon, inda masu karatu ke tallafa wa mai zane da kuɗi, ko tara kuɗin bugu a Kickstarter, ko sayarwa a bukukuwa irin Comiket na Tokyo da ake yi tun 1975 da na Angoulême a Faransa tun 1974. Ba kowace ƙasa waɗannan dandamalin suke biya ba, a bincika tukuna. Ana yawan ba da labarin Kevin Eastman da Peter Laird, waɗanda suka buga labarinsu na kunkuru, Teenage Mutant Ninja Turtles, da kansu a 1984, baƙi da fari, kwafi kusan 3,000, ya zama abin da duniya ta sani. Ana ba da shi ne don ba kasafai hakan ke faruwa ba. Kada ka ɗora kuɗin makaranta a kan labarinka.

Wa ya mallaki labarin, ni ko makaranta ko kamfanin da zan yi wa aiki?

A ƙasashen da suka sa hannu a Yarjejeniyar Berne, wadda ta samo asali a 1886 kuma yawancin ƙasashen duniya suna cikinta, haƙƙin mallaka yana hawa kan aiki da zarar an yi shi, ba sai an yi rajista ba. Naka ne, har sai ka sa hannu a takardar da ta ce ba naka ba ne. A nan ake zamewa. Wasu makarantun wasanni suna riƙe haƙƙin ayyukan da aka yi a matsayin aikin aji. Wasu kwantiragin kamfanoni kuma suna da sakin layi mai faɗi da ke neman haɗiye abin da ma'aikaci ya ƙirƙira ko da a gida ne. Karanta dokar makarantarku kafin ka miƙa jarumarka a matsayin aikin ƙarshen zango. Ranar da za ka karɓi aiki, ka nemi a rubuta sunan labarinka cikin abubuwan da ka zo da su, waɗanda kwantiragin bai shafa ba. Kada ka zana shi a kwamfutar kamfani, kuma lasisin ɗalibi na wasu manhajoji bai halatta kasuwanci ba.

Tarihin wannan sana'a cike yake da gargaɗi. A 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka sayar da haƙƙin Superman a kan dala 130, suka shafe shekaru suna shari'a a kansa. A 1992 wasu fitattun masu zane bakwai, cikinsu har da Todd McFarlane da Jim Lee, suka bar Marvel suka kafa Image Comics a kan cewa mai ƙirƙira shi ke da abinsa. Idan da aboki kuke yi, shi rubutu kai zane, ku rubuta rabon a takarda tun kuna dariya.

In sa labarin a kundin ayyukan da zan nemi aiki da shi?

Ya danganta da gurbin. Mai neman tsara kamanni ko zana jerin hotunan labari, shafukansa hujja ce mai ƙarfi cewa ya iya ba da labari kuma yana gama abu. Mai neman gina muhalli na 3D kuwa, mai dubawa yana son ganin muhalli a cikin injin, da layukan poligon, da yadda aka shimfiɗa fenti. Ayyuka uku zuwa biyar masu kyau a fanni ɗaya sun fi ashirin a warwatse, kuma da mafi rauninsu ake auna ka. Ajiye labarin a wani sashe daban a shafinka na ArtStation, dandamalin da masu zane ke nuna ayyukansu. Dabara mai kyau ita ce ka ɗauko wuri ɗaya daga labarin ka gina shi a Unreal: aiki ɗaya ya shiga kundin, ya kuma zama bangon shafukanka.

Dole sai an shiga makaranta? Kuma akwai aiki a gaba?

Kamfanonin wasa kundin aiki suke dubawa kafin takardar shaida. Makarantu irin Gobelins a Paris, CalArts a Amurka da Sheridan a Kanada sun yi suna, amma abin da kowace makaranta mai kyau take sayarwa guda uku ne: wa'adi, gyara daga wanda ya fi ka, da abokan tafiya. Kafin ka biya, duba ayyukan ɗalibanta na bara, na tsakiyar aji, ba zakaran da aka sa a talla ba. Digiri yana da amfani ga mai son aiki a wata ƙasa, saboda takardun izinin aiki. Mai koyo da kansa ya nemi waɗannan ukun a wani wuri. Global Game Jam, da ake yi kowane Janairu tun 2009, inda ƙungiyoyi ke haɗa wasa cikin kimanin sa'a 48, yana koyar da aiki da mutane fiye da wata guda na bidiyon koyarwa.

Batun aiki, gaskiya ɗaya ce: akwai shi, amma gasa ta yi tsanani. A 2023 da 2024 dubban ma'aikata suka rasa aiki a masana'antar wasanni, har a manyan kamfanoni. Ilimin 3D da motsi yana aiki a talla, gine-gine, koyarwa da fim, bai kamata a ƙulle kai a ƙofa ɗaya ba.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu fitar da hoto fa?

A 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya duba wani labarin zane da aka yi hotunansa da Midjourney, ya ce rubutun da jerin da aka yi wa hotunan suna da kariya, hotunan kansu ba su da ita. Tun 2024 kuma Steam, dandamalin sayar da wasanni a intanet, yana neman masu wasanni su bayyana inda suka yi amfani da irin waɗannan kayan. Ra'ayina ga ɗalibi: abin da ka zo nema shi ne ido da hannu, kuma duk akwatin da na'ura ta yi maka, atisaye ɗaya ne ka rasa. Wanda bai san dalilin da ya sa hoto ya yi kyau ba, ba zai iya gyara shi ba ranar da shugaban sashe ya ce a juya kafaɗar nan kaɗan.

Hannuna ya fara ciwo, jarrabawa ta matso, masu karatu kuma suna jiran babi. Yaya zan yi?

Hannun ne farko. Ciwon wuyan hannu da ke zuwa da dindiris ko tsami a yatsu ba abin daurewa ba ne, a huta a ga likita. Zana daga gwiwar hannu da kafaɗa, sassauta riƙon alƙalami, tashi daga kujera a kai a kai. Ido kuma, duk minti 20 ka kalli abu mai nisan mita shida na daƙiƙa 20.

Masu karatu suna haƙuri da hutu idan an gaya musu ranar dawowa. Shiru ba bayani ne yake korar su. Rubuta layi ɗaya, ka sa rana mai ɗan nisa fiye da yadda kake zato, ka cika ta. Nan gaba kada ka fara fitar da labari sai kana da babi uku ko huɗu a ajiye, domin su riƙe maka makonnin jarrabawa. Kafin ka rufe kwamfutar ka tafi hutun, kwafi fayilolin asali masu shimfiɗu zuwa wuri biyu daban, ɗaya a faifan waje, ɗaya a ma'ajiyar intanet, ka buɗe guda ka tabbatar yana buɗuwa.